Tsakanin Baki da Basilla

Babana baduku ne a Marwa,
shekara hamsin yana huda fata a zaurenmu na Domayo.
Da na ce zan ɗauke shi bidiyo,
ya ce, "Ɗauki. Amma kar ki ce in yi murmushi."

Na jingina waya da gwangwanin madara.
Ya yi zancen jima, ya yi na rini,
ya faɗi yadda bagaruwa ke cin fatar akuya.
Da dare na kunna in ji:
ga injin niƙan Asta Wabi,
ga babura na tsere zuwa gada,
ga fanka, ga zakaran nan da bai san lokaci ba.
Baba kuwa baki kawai ke motsi,
kamar tarwaɗa a cikin randa.

Ran Litinin na shiga kasuwa.
Hamajoda mai kayan waya
ya baje mini makirufo uku a kan gilashi.
Na fari ƙato, ƙafa uku, kai kamar na taɓarya.
"Wannan na tebur ne, sai ɗaki mai shiru."
Na ce gidanmu bai taɓa yin shiru ba,
ko ranar da aka yi mana rasuwa.
Na biyu ba igiya, yana ƙyafta koren ido,
jaka ashirin da biyar, ba ragi,
ga shan caji kamar jinjiri,
a garin da wuta ke leƙowa ta koma.
Na uku bai kai ƙwallon dabino ba,
da 'yar hular soso, da igiya kamu shida,
a wuyan riga ake maƙala shi.
"Danna nan," in ji shi, "ya share duk hayaniya."
Muka ja, muka ja, ya sallama a jaka bakwai,
ya yi ƙorafi da Faransanci, ya ƙirga da Fillanci.

Na maƙala wa Baba a wuyan jamfa, na danna.
Murya ta fito fes, kamar an tace ta a rariya.
Ba inji, ba babur, ba zakara.
Na sa masa a kunne, na tsaya jiran yabo.

Ya saurara har ƙarshe.
"Wane ne wannan ke magana a cikin rijiya?
Ina fatar?"
Na ce, ga ta nan a hoto.
"Hoto na masu saye ne.
Fatar da ta jemu tana da kukanta,
in ka lanƙwasa ta, ƙasa-ƙasa take amsawa.
Wadda ba ta jemu ba, ƙas, kamar busasshen ganye.
Basilla in ta shiga daidai, sau ɗaya take magana.
Maigidana Ɗan'azumi baya yake ba ni,
bai duba ba, ya san na ɓata ɗinki.
Kin share hayaniya, kin haɗa da sana'ar."

Ban koma wurin Hamajoda ba.
Maɓallin sharar na kashe.
Na roƙi Asta rabin sa'a bayan la'asar,
ta ce sai in an ambaci sunanta a ciki.
Fanka ma muka kashe, zufa ta yi ta zuba.
Sai na sauko da ɗan abin daga wuya
zuwa bakin aljihun ƙirji,
rabin hanya tsakanin baki da basilla.

Yanzu in ka kunna za ka ji shi,
muryar ta ɗan ja baya, da kaushinta.
Za ka ji zare yana bin huji,
za ka ji nishinsa in ya ja ɗinki.
Zakaran ma yana ciki, a minti na huɗu.

Jiya wani yaro ya rubuto daga Abeshe,
wai fatarsa ba ta irin wannan kukan, me ya rage?
Baba bai ɗaga kai ba.
"Ce masa ya ƙara mata kwana biyu a ruwan bagaruwa.
Kuma ki ƙara sauko da abin nan kaɗan,
ni har yanzu bakina ya fi hannuna ƙara."